Roba ta Biyu da Na Bari a Hannun Manu

Duk lokacin da aka kawo sababbin ma'aikata aka ce in yi musu bayani, nakan ga yadda suke kallon akwatin sanyin da ke gabana suna danne dariya. Na san abin da ke ransu. Mutum ya yi makaranta, iyayensa suna ta buga ƙirji da shi, sai a ce aikinsa shi ne yawon neman kashin yara a roba. Wani ma ya taɓa tambayata, yana latsa wayarsa, "Baba, yanzu wannan har sai an koya wa mutum?" Na ce masa a'a, ɗibar kashi ba ta buƙatar koyo, ko kakarsa ta iya. Abin da ake koyo yana jikin takardar da ke raka robar, ni kuwa na fi shekara goma a bakin aiki kafin ya shiga kaina, bayan na riga na yi ɓarna. Ɓarnar nan nake so in rubuta muku, don in na ɗauko ta da baki ba na iya kai ta ƙarshe.

A Nguru na fara aiki, farkon shekarun casa'in, ƙarƙashin Baba Bukar, wani tsohon malamin asibiti Babarbare da ke riƙe da littafin cututtuka na yankin. Aikinmu shi ne jin inda cuta ta ɓulla, mu je mu gani da ido, mu rubuta, mu aika sama. A lokacin ƙyanda muke bi, da sanƙarau, da amai da gudawa, da ragowar kurkunu a ƙauyukan bakin ruwa. Kayan aikinsa keke ne, da littafi mai baƙin bango, da biro biyu a aljihu don ya ce ɗaya mayaudari ne. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya faɗa a kan banza.

Aikin farko da ya aike ni ni kaɗai, amai da gudawa ne ya kwantar da mutane a wani ɗan asibiti. Na je na cika shafi guda da sunaye, rubutu tsaf, a gaban kowane suna na sa Nguru. Na dawo ina jiran yabo. Ya duba shafin sama da ƙasa, ya ɗora yatsa kan suna na uku.

"Wannan a ina ya kwana?"

"A asibiti, Baba."

"Kafin asibiti."

Ban tambayi kowa wannan ba. Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Ɗana, cuta ba ruwanta da inda ka ga mutum. Inda ya kwana ta sani, da inda ya sha ruwa. Koma ka tambaye su ɗaya ɗaya."

Na koma cikin rana. Ashe rabinsu masunta ne daga tunga ɗaya, duk a gefen ruwa guda suke sha. Daga ranar na ɗauki ɗabi'arsa: duk abin da zan aika, ko kwalba ce, sai na rubuta sunan wurin kwanan mai ita a jiki, ko da fom bai nema ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka mayar da ni Gashua, aka kuma ɗora mana farautar shan inna. Dokar aikin a baki gajeriya ce. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyar da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ka nemo shi cikin mako biyu da fara ciwon. Ka ɗebi kashinsa sau biyu, kwana ɗaya tsakani, don ƙwayar cutar ba kullum take fitowa ba. Kowace roba ka sa kamar girman babban yatsanka, ka murɗe murfi, ka rubuta suna, ka sa a leda, ka jera ta tsakanin ƙanƙara huɗu a akwati. Sai fom mai kwafi uku da takardar kabon a tsakani. Sai akwatin ya isa ɗakin gwaji a Maiduguri cikin kwana uku, ƙanƙarar ba ta narke ba. In ta narke ƙwayar ta mutu, za a ce yaro lafiya lau, alhali kai ka kashe shaidar a hanya.

Ku da kuke da firji mai aiki da rana ba za ku gane wahalar ƙanƙara ba. Na taɓa zuwa Dagona a bazara, wajen wata yarinya da iyayenta ke can tsallaken ruwa suna aikin shinkafa. Na bar babur a gindin wata bishiya, na shiga kwale-kwale da akwati a cinya. Yarinya ta ƙi yin kashi. Ba a yi wa ciki dole, haka na zauna tun hantsi har la'asar, uwar tana ba ta kunu, ni ina lulluɓe akwati da jiƙaƙƙen buhu ina sake jiƙa shi. Washegari na sake komawa don ta biyu. Da wuta ta ɗauke a gari kwana biyu, a wurin mai sayar da ruwan sanyi na roƙi gurbi a firjinsa, ban kuma gaya masa abin da ke cikin ledar ba har yau.

Sai kuma mutanen da ke kawo mana labari. Uwa ba ta fara kai shanyayyen yaro asibiti. Wurin maɗori take fara zuwa, ko wanzami, ko mai kemis, ko malamin da zai yi rubutun sha. Saboda haka rabin sana'ar nan zumunci ne. Kana zuwa sunansu, kana zuwa jana'izarsu, kana zama ka sha shayin da ba ka so. A Gashua wanda ya fi kowa amfanata shi ne Maina maɗori, dattijo mai gaskiya, wanda in ya taɓa ƙafa ya ji babu karaya yakan ce, "Wannan ba nawa ba ne, na Malam Sale ne."

Abin da ban sani ba a lokacin, ko in ce na ji ban ɗauke shi da nauyi ba, shi ne abin da ake yi da robar bayan ta bar hannuna. Ni a tunanina amsa biyu ce kawai, akwai ko babu. Ashe in an sami ƙwayar, sai a wuce da ita wani ɗakin gwaji a ƙasar waje, a buɗe tsarin halittarta a karanta shi harafi harafi. Ƙwayar nan duk lokacin da ta bi ta cikin wani yaro ta hayayyafa, sai rubutun nata ya ɗan sauya kaɗan. Masu karatun suna jera na wannan gari da na wancan, su ce wannan 'yar wannan ce, wannan kuwa ba danginsu ɗaya ba, kamar yadda makiyayi ke duban maraƙi ya faɗi uwarsa da kakarsa. Har tsawon lokacin da ta yi tana yawo suna iya ƙiyastawa daga yawan sauyin. Ni ina Gashua da birona, ban san akwai wanda zai iya duba aikina daga cikin kashin ba.

Muguwar shekarata ta zo ne lokacin da jita-jita ta cika gari a kan ɗigon riga-kafi. Ƙofofin da ake buɗe mana da fara'a aka koma rufe su. Uwa ta ga akwatina sai ta ɓoye yaro a bayan randa. Wata huɗu na yi ban aika ko roba ɗaya ba. A aikin nan kuwa, in ba ka aika komai ba, ba a cewa yankinka lafiya, cewa ake barci kake, don ko babu shan inna dole a sami yaran da ƙafa ta saki saboda wasu dalilai. A taron wata-wata a babban birnin jiha, ogan namu ya kira sunan yankina, ya ce in miƙe tsaye. "Malam Sale, Gashua babu yara ne, ko kai ne babu?" Aka yi dariya, har da waɗanda na koya wa cika fom. Na dawo gida da maganar nan a raina.

Mako biyu bayan haka, ranar kasuwa, Maina ya aiko a kira ni. Na tarar da wani Bafulatani dogo, mai ɗan gemu, zaune a zauren Alhaji Sani da yaro ɗan shekara uku a cinyarsa. Alhaji Sani ɗan kasuwa ne, asalin iyayensa Haɗeja, shi ne fatoman Fulanin arewa, wato a gidansa suke sauka in sun kawo shanu. Bafulatanin sunansa Manu, yaron kuma Adamu. Kwana shida da suka wuce ya yi zazzaɓi, ya tashi da safe ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Na ɗaga ƙafar na saki, ta faɗi kamar tsumma. Tun kafin gwaji jikina ya ba ni.

Na fito da fom na yi tambayar Baba Bukar, don baki ya saba. "A ina yaron yake kwana?"

Manu ya gyara zama ya yi mini kwatance filla-filla, irin na mutumin da ke son a same shi. Ya ce in na wuce Kumagannam in yi arewa, in bar rijiya ta farko, in kai ta biyu mai bakin siminti, daga nan zan hango gorubai uku a kan tudu, gidajensu suna bayan tudun. Ya ce ba masu tashi ba ne su, a nan aka haife shi, suna da gonakin gero, samari ne kawai ke tafiya da shanu. Ya faɗi sunan jauronsu, wato mai garinsu. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin masu ɗigo sun hau tudun nan ba.

Yana magana ina rubutu, yana kallon birona. Sai dai abin da nake rubutawa daban ne. Wurin da ya kwatanta ba yankina ba ne, na ƙaramar hukumar da ke arewa da mu ne. In na rubuta gaskiya, yaron ya zama na abokin aikina na can, ni kuma in koma taro a sake tsayar da ni. A gurbin adireshi na sa: gidan Alhaji Sani, Gashua. Na faɗa wa kaina ai a nan na gan shi, ai nan ya kwana jiya. Na ɗauko robobi biyu na rubuta haka a jikinsu, da kyakkyawan rubutun nan nawa.

Allah ya sa yaron ya yi kashi kafin azahar, na sami ta farko. Na ce wa Manu gobe war haka zan dawo don ta biyu. Ya girgiza kai.

"Malam, mota ɗaya ce take zuwa wajenmu, yau take komawa. Uwarsa tana can da goyo, ban bar mata kowa ba. Amma ga kwatance na ba ka."

"To riƙe wannan," na ce, na miƙa masa roba ta biyu. "Kada ka buɗe ta, kada kowa ya taɓa cikinta, sai na zo. Jibi ina tafe."

Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun ciki. Ya ce, "Allah ya kawo ka lafiya. Mun gode, mun gode."

Ba zan ce ƙarya na yi masa a lokacin ba, don da rabin zuciyata na yi niyyar zuwa. Sai da na koma ofis na zauna na ga abin da na ɗaure kaina da shi. In na je can, jauro zai gan ni, abokin aikina zai ji, fom ɗina zai ƙaryata ni. Kada ku ce man babur na rasa, akwai shi. Na rufe ƙofa, na ɗauko sabuwar roba, na raba kashin nan gida biyu, na rubuta wa rabin kwanan watan gobe. Washegari akwati ya hau motar Maiduguri da ƙanƙara huɗu garau. A taron da ya biyo baya ba a kira sunana ba.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito: shan inna ce. Nan da nan tawaga ta sauka daga jiha, motoci uku, suka nufi adireshin da ke kan fom. Alhaji Sani ya fito zaure da mamaki.

"Yaron nan ba ɗan gidana ba ne," ya ce. "Baƙona ne, kwana ɗaya ya yi. Ku je garinsu."

Da a wata shekarar ce, da an saurare shi. Amma a shekarar nan kowane maigida musu yake yi, kowa ɓoye yaro yake, saboda haka suka ɗauki gaskiyarsa a matsayin irin wancan musun. Shugaban tawagar ya juyo wurina, tunda ni ne ɗan gari. "Ina iyayen suke yanzu?"

"Fulani ne, ranka ya daɗe," na ce. "Sun tashi da shanu, ba a san inda suka nufa ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Wannan ƙaryar ba ta buƙatar shaida, don duk mun riga mun yarda cewa Bafulatani ba shi da adireshi. Alhaji Sani ya dube ni, ya buɗe baki, sai kuma ya fasa, ya shige gida. Aka bi unguwarsa gida gida ana ɗiga wa yara, aka sake dawowa, aka kuma sakewa. Aka zana lamba da alli a ƙofarsa. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidansa har tsawon wani lokaci. Tudun nan mai gorubai uku kuwa babu wanda ya taka.

Na ci gaba da aiki, har ma na yi suna a cikinsa. Jita-jita ta lafa, ƙofofi suka buɗe, robobina suna tafiya a kan kari. In na hango Alhaji Sani a kasuwa sai in sauya layi. Wani lokaci in ina jera robobi a jaka sai in tuna akwai guda da ban karɓo ba, in yi maza in tuna wani abin daban.

An yi kusan shekara ɗaya da rabi, sai aka sami wata yarinya a Nguru, 'yar wani tela, da shan inna. Ba yankina ba ne, ban damu ba. Amma da sakamakon ƙasar waje ya dawo, aka tara mu duka ma'aikatan arewacin jihar. Wadda ta zo ta yi mana bayani wata likita ce, Dakta Yagana, mace marar hayaniya, mai magana a hankali kamar tana karantar da 'yan firamare. Ta zana wani abu a allo mai rassa, a kan kowane reshe ta rubuta sunan gari. Ta ɗora alli kan wani ta ce wannan ƙwayar ta Gashua ce, ta gidan Alhaji Sani. Ta ja dogon layi daga nan har ƙarshen allo, ta rubuta Nguru.

"Ta Nguru daga tsatson ta Gashua ta fito," ta ce. "Wannan babu shakka a ciki. Amma ku dubi tsawon layin nan. Ta sauya da yawa. Sauyin nan kuwa ba ya faruwa a iska ko a ƙasa, sai a cikin cikin yara. Ma'ana fiye da shekara guda tana fita daga wannan yaro ta shiga wancan, a wani wuri da babu idonmu. An ɗiga wa unguwar Gashua sau uku, ba can take ba. To ina ta zauna? Akwai wani gari da ba ya cikin takardunmu, kuma akwai yara a cikinsa."

Sai wasu suka fara kawo hasashe, wani ya ce daga tsallaken iyaka ne, wani ya ce masunta. Ni ina zaune a layi na biyu, ina kallon dogon layin nan, ina jin muryar Manu: ka bar rijiya ta farko, ka kai ta biyu. A duk ɗakin ni kaɗai na san sunan abin da ta zana. Kunya ta rufe ni. Ban ɗaga hannu ba. Zan so in ce muku na miƙe a gaban kowa, amma ban yi ba.

Sai bayan azahar, tana shirin shiga mota, na tare ta. Na faɗa mata komai a tsaye, da adireshin, da raba kashin, da maganar Fulani sun tashi. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, "Za ka iya kai mu wurin?"

"Ban taɓa zuwa ba, Dakta."

"To wa ya sani?"

Haka dole ta mayar da ni zauren Alhaji Sani. Na yi sallama, ya amsa, bai ce in zauna ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

"Yau ka tuna baƙona ne?" ya ce. "Malam Sale, a gaban mutane ka mai da ni maƙaryaci a ƙofar gidana. Na yi shiru ne don ban saba tona asirin mutum a gaban ogansa ba, na ɗauka za ka gyara daga baya." Sa'an nan ya ce, "Manu ya zo nan sau biyu yana tambayarka. Na ce masa ban san inda kake ba, don ba na son in sake haɗa baƙona da kai. Wannan kuma laifina ne, Allah ya yafe mini. Kawo takarda."

Ya zana mini hanyar da hannunsa, ta yi daidai da kwatancen da na ƙi rubutawa.

Mun tashi da sassafe a mota mai iya yashi, ni da Dakta da masu ɗigo huɗu, muka ɗauki abokin aikina na can a hanya. Bai yi mini magana ba har muka isa. Bayan Kumagannam motar ta kafe sau biyu, muka fita muka tura. Ga rijiya ta farko, ga ta biyu mai bakin siminti, ga gorubai uku. Tafiyar da nake ganin za ta gagara, kafin azahar mun gama ta. Bayan tudun akwai gidaje sun fi ashirin, da rumbuna, da karan gero a tsaye, da yara ko'ina.

Manu ne ya fara gane ni. Ya taho da sauri, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta sannu da zuwa, yana cewa da mutanensa ga malamin da ya ba su labari. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Adamu ya zo yana dogara sanda, ƙafar ta ƙanƙance, ya yi wayo, ya gaishe ni. Masu ɗigo suka buɗe akwatunansu, iyaye mata suka yi layi da kansu, babu wadda ta ɓoye ɗa. Dakta tana tambaya tana rubutu.

"Akwai wani yaron da ƙafarsa ta saki bayan Adamu?"

Manu ya ce akwai ɗaya a gidan ƙaninsa, akwai ɗaya a gidajen gabas. Sai ya kira matarsa da Fulatanci. Ta fito ɗauke da yarinya, ta ajiye ta a kan tabarma a gabana. Ita ce goyon da ya ce ya bari a gida ranar da muka haɗu. Sunanta Dija. Ƙafafunta biyu duka a nannaɗe suke a ƙarƙashinta.

"Ta fara tafiya," in ji Manu. "Har bin awaki take yi. Da daminar da ta wuce ne abin ya same ta."

Na lissafa a raina, ko da ba na so. Daga ranar da sakamakon Adamu ya fito zuwa waccan daminar, akwai watanni da yawa. Motoci ukun nan da suka tsaya a ƙofar Alhaji Sani, da nan suka zo, da Dija ta sha ɗigo tun tana goye.

Manu ya tashi ya shiga ɗaki, ya dawo da wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi da hayaƙi. Ya kwance shi a hankali. Robata ce, murfinta a murɗe yadda na ba shi.

"Ga amanarka, Malam. Ka ce kada a buɗe sai ka zo, ba mu buɗe ba." Ya juya ta a hannunsa. "Da ƙafar Dija ta mutu, uwarta ta ce mu tafi neman magani. Na ce mata mu dakata, malamin nan ya san gidanmu, a gabana ya rubuta. Zai zo." Ya nuna rubutun da ke jikin robar da yatsa. "Ba sunan garinmu ne nan ba?"

Dakta Yagana ta karɓi robar ta karanta. Ta miƙo mini.

"Karanta masa," ta ce.

Na karanta. Adamu Manu, gidan Alhaji Sani, Gashua. Na kuma gaya masa dalili, a gaban matarsa da jauronsu.

Dija ta miƙa hannu tana son robar, don ta ɗauka abin wasa ne.

"Ashe shi ya sa," in ji Manu. Ya juya ya ce wa matarsa ta kawo wa baƙi nono.

An ba ni takardar gargaɗi, an rage mini matsayi, kuma ban yi ƙorafi ba. Na yi sauran shekarun aikina ina hawa tudun nan duk zagayen riga-kafi, ko da yake ba yankina ba ne. Manu yana karɓata, yana shimfiɗa mini tabarma, amma bai sake kama hannuna da hannu biyu ba.

Saboda haka in kun buɗe akwatin da nake koya muku da shi, kuka ga wata tsohuwar roba wadda takardar jikinta ta yi ja, kada ku yi amfani da ita, kada kuma ku jefar. Ku ɗauka ku karanta adireshin. Rubutuna ne, babu kuskuren harafi ko ɗaya a ciki. Dija ta girma yanzu, tana saƙa fayafayai tana aikowa da su kasuwar Gashua, kuma har yau da hannu take tafiya.